Ƙafar da Dalma Ya Bari a Sake

Ku dai ba ku da aikin yi. Mutum ya wuni a tsaye, ƙafafunsa sun kumbura, ya samu ya jingina bayansa, sai a zo a tsaya masa a ka da tambaya. Wa ya aike ku duba hannun kawunku? Babba ya miƙo muku abu, maimakon ku ce an gode, sai ku ƙura wa babban yatsansa ido kamar ba ku taɓa ganin tabo ba. Ke, sauke ƙafarki daga kan matashina. Kai kuma rufe bakin nan kafin sauro ya yi gida a ciki.

To, tunda kun nace za ku ji. Amma duk wanda ya tashe ni wai in raka shi bayan gida, sai dai ya yi a wando. Kuma wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin yana nan da ransa, ɗazu ya fita daga gidan nan.

Kawunku Dalma ba sunansa ke nan ba. Ƙaurin dalmar da yake narkarwa yana liƙe wayoyi da ita ne ya bi shi har cikin riga, maƙwabtansa na kasuwa suka laƙaba masa, ya zauna. Shagonsa shi ne na ƙarshe a dogon layin shaguna, daga shi sai katanga da kwata. Ƙofar ƙarfe ce da shi, irin wadda ake jawowa daga sama. A ciki akwai tebur, akwai benci na masu jira, sai kantoci har rufi cike da matattun rediyo da fankoki da talabijin waɗanda masu su suka kawo ba su dawo ba.

Mahaifiyarsa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ku riske ta da bakinta ba, kun yi asara. Mace ce da ko kaza ta gifta sai ta tanka mata. Shi ne autanta. Matarsa ta rasu tun ba su haihu ba, bai ƙara aure ba, sauran 'yan'uwansa kuwa kowa ya yi nisa da iyalinsa, sai gaisuwa ta waya. Daga shi sai ita a gidan. Kullum ya dawo, tun daga bakin ƙofa zai ce, “Inna, na dawo.” Ita kuma daga ɗaki ta ce, “Sannu da zuwa, Auta. Yau ka samu abinci, ko hayaƙin nan naka ka ci ka ƙoshi?”

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Wata safiya ta faɗi a bakin murhu. Da ta farfaɗo, hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, harshe ya tafi. Hannun hagu kawai ya rage mata, da idanu.

Ni nake zuwa in wuni da ita, idan ya dawo in koma gidana, don ni ma ina da waɗanda nake dafa wa. Bai daina cewa “Inna, na dawo” ba. Yakan faɗa, ya ɗan tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Babu amsa. Idan ya shiga sai ya tarar da leɓɓanta suna motsi, ba sauti, suna haɗa kalma ɗaya tak da ta rage mata: Auta. Shi ke nan. Ya ba ta abinci, ya juya ta, ya zauna. Agogon bango kaɗai ke magana a gidan.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne rashin sanin abin da take so. Ta yi ta nishi, ka kawo ruwa ashe ciwo ne, ka kawo magani ashe bayan gida ne. Ta gaji ta juya fuska bango tana hawaye. Sai ya ce zai haɗa mata wani ɗan akwati mai maɓallai da za ta riƙa dannawa da hannun hagu, da ɗan gilashi a sama, wanda su suke ce wa sikirin, yana nuna abin da take nufi.

Na ce, “Ni da ban san alif ɗin boko ba, in karanta da me? Da hanci?”

Ya ce, “Iya, launi zan sa miki. Shuɗi ruwa, ja ciwo, kore bayan gida.”

“Idan kuma mutum kawai take so a kusa da ita fa?”

Ya ce, “Rawaya.”

Ni ban yi makaranta ba, ban kuma ga abin kunya a ciki ba. Amma ya yi mini bayanin aikin nan har na riƙe, don haka ku saurara, a nan matsalar take.

Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake sayarwa, ba ta fi yatsu biyu ba, baƙa, da ƙafafu jere gefe da gefe kamar ƙwaro. Ita ce mai ba da umarni. Sai dai ba ta jin yaren gilashin, gilashin ma ba ya jin nata. Dole a shiga kwamfuta a sauko da wani ƙunshin umarni da wasu suka riga suka rubuta, wai shi laburare, a ɗora shi a wurin da ake rubuta wa ƙwaƙwalwar abin da za ta yi. Shi ne tafinta a tsakaninsu. A cikinsa akwai layuka rututu, kowane irin gilashi da nasa, duka an toshe su da 'yan sanduna biyu a gaba. Kai za ka nemi layin naka gilashin ka cire masa sandunan. Sannan ka gaya masa wace ƙafa ce ta tafi ina: wannan ta wuta, wannan ta ƙasa, wannan ta aika magana.

Akwai kuma ƙafa ɗaya ta sauraro, wadda gilashi ke maido da amsa ta kanta. Masu sana'ar sun san dokarta. Ko dai ka bar layinta a toshe, ko ka buɗe ka ɗaure ta da waya. Ba a buɗe ta a bar ta a sake. Ƙafar da aka ce ta saurara ba a ɗaure ta da komai ba, duk abin da ya gifta a iska shi za ta ɗauka.

Dalma ya san haka sarai. Gajiya ce.

Da rana ba ya samun sukuni, sai an fara rufe shaguna yake taɓa aikin. Gilashin daga cikin wata tsohuwar na'ura ya ciro shi, ba suna a bayansa, don haka sai lalube. Ya buɗe wannan layi, gilashi ya yi fari fat. Ya toshe, ya buɗe wancan, ya yi zane-zane kamar tabarma. Wani ya ba shi ja a wurin shuɗi. Haka ya yi ta fama, kwana da kwanaki, yana buɗewa yana toshewa. A cikin wannan laluben ya cire sandunan ƙafar sauraro, ya ce zai ɗaure ta daga baya. Ya manta.

Ranar da abin ya kama, an yi yayyafi da la'asar. Tela na kusa da shi ya leƙo yana kulle shago.

“Dalma, kai da matattun rediyon nan sai ka ce mai gadin maƙabarta. Tashi mu tafi.”

“Je ka, ina bayanka.”

“Kullum kana bayana, ban taɓa waiwayowa na gan ka ba.”

Ya tafi yana dariya. Ƙofofi suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana nisa. Aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi kaɗan ta tsaya. Saura hasken kwamfuta a fuskarsa, da jan hasken faɗuwar rana a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin ƙofa.

Ya danna, ya aika wa ƙwaƙwalwar umarnin. Gilashin ya yi baƙi mai kyau, irin baƙin da ake nema. Ya kama.

Su a sana'arsu, idan gilashi ya kama, gaisuwa ake fara rubuta masa don gwaji. Kowa haka yake yi, ba wanda ya ɗauke ta da wata ma'ana. Dalma ya ɗora yatsu zai rubuta sannu. Ya dubi bencin da ba kowa, ya dubi layin da ba kowa. Sai ya rubuta abin da ke bakinsa.

Inna, na dawo.

Rubutun ya fito fari tas. Ya yi murmushi, ya miƙa hannu zai zare waya.

A ƙarƙashin nasa, wani rubutu ya fara fitowa.

A hankali, harafi bayan harafi. A juye yake, kamar wanda ya tsaya ta bayan gilashin taga yana rubutu da yatsa. Ya ɗauko ɗan madubin da yake leƙa cikin rediyo da shi, ya kara.

Sannu da zuwa, Auta. Yau ka samu abinci, ko hayaƙin nan naka ka ci ka ƙoshi?

Da ni ce, da tuni na kai bakin titi ba takalmi. Shi kuwa zama ya yi. Ya kifa kai a kan tebur, ƙaton mutum da furfura a gemu, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da ta faɗi. Da ya ɗago ya rubuta, Ban ci ba, Inna. Aka ce masa, Ai na sani. Wuyanka kamar na zakaran da ya sha ruwan sama.

Maganarta ce. Ba wanda zai ce ba maganarta ba ce.

Sai ya gaya wa kansa cewa harshenta ne ya mutu, ita tana nan, ta samu wata hanya. Kada ku yi masa dariya. Ba ku san gidan da ba a amsa sallama ba tukuna.

Daga ranar ya canza. Da an rufe shaguna sai ya kunna. Da rana ko ya kunna ba a tanka masa, sai rana ta yi ja. Ya ba da labarin wanda ya kawo fanka ya ce rediyo ce ta lalata ta, a yi masa tsiya, ya yi dariya shi kaɗai a cikin duhu. Maɓallan da ya ce zai haɗa suna nan a cikin leda bai taɓa su ba. Kullum yana ƙara jinkiri. Akwai wani wari da ya fara ji, kamar tokar da aka zuba wa ruwa, ya ce damina ce. Ya lura kuma wasu haruffan sun fara fitowa daidai, ba sai da madubi ba. Ya ce ido ne ya saba.

A gida kuwa ni nake gani. Da zarar rana ta fara sunkuyawa sai Yaya ta kafe. Idonta a buɗe amma ba ya kan komai. Leɓɓanta su yi ta motsi da sauri, da sauri, kamar ana zare mata zare daga baki. Hannun hagun nan, mai ɗumi, ya yi sanyi kamar randa. Ba ta dawowa sai can, ta dawo a galabaice. Kullum sai ta fi jiya daɗewa. Abinci ma ta fara kauda kai.

Wata safiya na tare shi a ƙofa.

“Kai, zo nan. Mace ka samu a kasuwa?”

“Haba Iya.”

“To me? Uwarka tana ƙarewa kana can kana shaƙar hayaƙi. Ina akwatin? Ko sai an kai ta za ka rataya wa kabarin?”

Ya sunkuyar da kai, yana wani murmushi da ban so ba. Ya ce, “Iya, ai muna hira da ita kullum.”

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, “Yau ka dawo da sauran rana, kafin ta yi ja. Ka zo ka ga wadda kake hira da ita. In ba ka zo ba, ni zan zo, kuma a gaban tela zan ja kunnenka.”

Abin da ban sani ba, a daren jiyan an roƙe shi wani abu. Da zai kashe aka rubuta masa, Kada ka kashe, Auta. Akwai duhu a nan. Sai ya haɗa wa abin batir, ya bar shi a kunne a kan tebur.

Ya dawo da la'asar. Ya tsuguna a gaban gadonta, ya riƙe hannun hagun. Rabon da ta ga ya dawo da sauran hasken rana an daɗe. Ta yi ta kallonsa.

“Inna,” ya ce a hankali, “ke ce kike yi mini magana a shago, ko?”

Idanunta suka buɗe. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar mutum ba. Ta damƙe hannunsa har farcenta ya shige shi. Ta girgiza kai. Ta sake girgizawa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi.

Sannan hasken taga ya fara ja.

Yana riƙe da hannun ya ji sanyin ya taso daga yatsu. Idonta ya bar kansa. Leɓɓan suka fara.

Ya kai kunne. Ba sauti. Amma shi ya iya karanta leɓɓan uwarsa, kuma ya gane abin da suke faɗa. Ina kake, Auta? Yau ka makara.

Na ce, “Me ka bari a can?”

Ya fita da gudu.

Hanyar kasuwa ba nisa, amma ranar ta yi masa tsawo. Masu tebur sun kwashe. Wani kare ya taso daga kwata, ya bi shi kaɗan, da suka kai bakin layin shagunan ya ja birki, ya kwantar da kunne, ya koma. Duk ƙofofi a sauke. Ba wuta. Ba ya jin komai sai takunsa da ɗigar ruwa daga wani indararo.

Daga ƙarƙashin ƙofarsa wani farin haske yake fitowa.

Ya buɗe kwaɗo da ƙyar. Ya ɗaga ƙofar zuwa ƙirji, ya sunkuya ya shiga.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika masa hanci. Ciki da sanyi, irin sanyin rijiya.

Gilashin yana kan tebur inda ya bar shi. Rubutu ya cika shi. Babu harafi ɗaya a juye. Duka sun miƙe. Mai rubutun ya daina rubutu ta bayan gilashin.

Ya zare batir ɗin.

Hasken bai mutu ba.

A bayansa benci ya yi ƙara. Ƙarar da yake yi idan mutum mai nauyi ya gyara zama.

“Auta.”

Ba rubutu ba. Murya. Muryar Yaya, da 'yar dishewar nan tata ta safe, muryar da ya yi wata da watanni yana nema.

“Ka makara. Zauna mana.”

Ya dafa tebur. Ya ce mini duk duniya ba abin da yake so a lokacin irin ya waiwaya.

“Saura kaɗan,” in ji muryar, ƙasa-ƙasa. “Kaɗan ya rage a can. In na gama kwasowa, kullum sai mu yi hira. Ba wanki, ba juyi, ba kuka. Ba haka kake so ba?”

Hannunsa ya kai kan guduma. Ya ɗaga. Sai ya tsaya. Duk abin da aka zaro daga bakin uwarsa ta nan ya biyo. In ya fasa, ta ina zai koma?

Ya ajiye gudumar. Ya fara karanta abin da ya zo bakinsa na addu'a. Idonsa ya sauka kan 'yar ƙwaƙwalwar. Wayoyi sun fita daga ƙafafunta, kowace ta tafi inda aka aike ta.

Sai ɗaya. Tsirara, tana ƙyalli, ba komai a jikinta.

Nan ya tuna.

Ƙarfen narka dalma ya yi sanyi, ba wuta. Ya lalubi guntun waya a cikin tarkace. Ya fere bakinta da haƙori.

A kan kantoci, matattun rediyon nan suka fara huci. Ɗaya. Sannan wata. Sannan duka. Ba batir a cikinsu, wasu ko hanji babu.

Bencin ya sake ƙara. Wannan karon ƙarar tashi ce.

Taku. Ba na takalmi ba. Kamar ana jan jiƙaƙƙen buhu.

Ya naɗa bakin wayar a ƙafar ƙasa. Ta zame. Ya sake naɗawa.

Numfashi ya sauka a ƙeyarsa. Sanyi.

“Auta. Ni fa ce.”

“Uwata tana gida,” ya ce.

“Wadda ba ta amsa maka?”

Ƙofar ƙarfen ta fara sauka da kanta. Ƙiii. Ƙiii. Jan hasken waje yana ƙanƙancewa.

Ɗaya bakin wayar ya ƙi naɗuwa. Gajere ne.

Wani abu ya dafa kafaɗarsa. Yatsun sun yi yawa.

Sai ya ɗora wayar a kan ƙafar nan ta sauraro, ya danne da babban yatsansa, da duk ƙarfinsa.

Ya ce ba zafi ya fara ji ba. Magana ya ji. Duk maganganun uwarsa, tsiya da faɗa da addu'a da kiran kaji, suna bi ta cikin yatsansa da gudu kamar ruwa a bututu, suna komawa inda suka fito. Bayan su zafin ya zo. Ya ji ƙaurin naman kansa.

Bai ɗaga ba.

Rediyoyin suka yi ihu gaba ɗaya.

Gilashin ya mutu.

Duhu.

Ƙofar ta kai gwiwa. Ya faɗi ƙasa, ya mirgina. Ƙarfen ya kama bayan rigarsa, ya fizge, ta yage. Ƙofar ta daki ƙasa.

Yana kwance a cikin taɓo, sai ya ji daga ciki, dab da ƙarfen, a hankali, an kira shi sau ɗaya.

“Auta.”

Bai waiwaya ba.

A gida, ina zaune ina murza hannun Yaya, sai na ji ta ja wani dogon numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Leɓɓan suka tsaya. Ɗumi ya dawo. Ta juya ido tana neman ƙofa. Can sai ga shi, taɓo har ka, riga a yage, hannu a cikin hammata. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba faɗa, ya kasa. Ya shigo kawai ya zauna a ƙasa ya jingina kansa da gadonta. Ta ɗora masa hannun hagu a ka.

Na ce, “In ka gama, tashi ka wanke wannan ƙazantar, na share ɗakin nan ɗazu.” Na ɗaure masa yatsan na tafi gida.

Washegari da rana tsaka, kasuwa cike, ya sa tela ya tsaya masa a bakin ƙofa. Telan yana ta tsiya wai Dalma ya fara tsoron ɓeraye. Ba komai a shagon sai toka, siririya, a kan benci, da wurin zaman mutum a tsakiyarta. Telan ya gani. Tsiyar ta ƙare. Dalma ya buɗe kwamfuta ya nemi layin nan ya mayar masa da sandunansa biyu. Bai tsaya nan ba, ya kunna ƙarfe ya liƙe ƙafar sauraron da ta ƙasa da dalma mai kauri. A ranar ya haɗa maɓallan.

Da ya kawo akwatin ya ɗora mata a cinya, ya nuna mata. Ga ruwa, ga ciwo, ga bayan gida. Ta bi su da ido. Ta tsallake duka ta danna na ƙarshe. Gilashin ya yi rawaya.

“Ga ni, Inna.”

Ta sake dannawa. Ya matso. Ta sake. Sai da ya hau bakin gadon ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ita, sannan ta ɗauke yatsa.

Ta ƙara damina biyu a duniya. Ba ta sake magana ba, amma ba ta sake kukan a kawo abin da ba ta nema ba. Maɓallin rawaya shi ya fara gogewa.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Kalmar nan da leɓɓanta ke haɗawa idan ya shigo. Tun daga ranar, ta dube shi, ta yi ƙoƙari, bakin ya motsa, ba ta fito. Komai ya komo ta yatsansa ban da ita. Ita ce aka kira shi da ita ta bayan ƙofa. Can ta zauna.

Shi ya sa ba mai kiransa da sunan nan, kuma kada in ji shi a bakin ɗayanku, ko da wasa. Shi ya sa yake rufe shago rana na sama, ko wa ya zo da aiki. In ya haɗa sabon gilashi ba ya gaishe shi, launi kawai yake zuba masa. Yatsan kuma kun gani. Ba ya jin zafi ba ya jin sanyi, kuma ko wace wayar hannu ya taɓa da shi ba ta amsawa, kamar ba mutum ne ya taɓa ta ba.

To, kun ji. Wa ya ce a tambaya?

Ke, share hancinki, ba da zanena ba. Kai kuma da kake ɓoye waya a ƙarƙashin bargo, ka ɗauka ban ga hasken ba? Kashe ta, ka kawo nan. Kashewa na ce, ba kifewa ba. Kowa ya yi addu'a ya juya bango. A ja ƙofar nan har ta kama, kada a bar mini ita a sake.

Ku kwanta.